Asabar Biyun Malam Awwalu

In ka shiga unguwar Coal Camp a Inugu ka ce kana neman Malam Awwalu, ba lallai a gane ba. Ka ce mai dogon ƙarfe a kan rufi, ko mai okada zai kai ka ƙofar gidan. Dogon ƙarfen eriya ce, ta fi shekara talatin a wurin, har maƙwabtansa Inyamurai sun gaji da zargin ita ke jawo musu tsawa.

Bazazzagi ne. Aikin reluwe ya kawo shi Inugu yana saurayi, a sashen sigina, kuma da ya yi ritaya bai koma gida ba. Ya buɗe ɗan shagon gyaran rediyo a zauren gidan da yake haya. Yanzu wa ke kai rediyo gyara? Sai ya wuni zaune da tabarau a kan hanci, yana goge kayan aikin da ba su yi datti ba. Matarsa Haulatu ta rasu shekara shida ke nan. 'Yarsu Rahinatu tana aure a Fatakwal, takan kira shi ranar Juma'a, ta tambayi ƙafarsa da maganinsa, kafin ya gyara murya ta ce za ta sauke tukunya. Ba ya ganin laifinta. Amma kaɗaici ya ci shi, ba kuwa ƙaramin ci ba.

Abin da ya rage masa shi ne Asabar bayan la'asar. A ƙuryar ɗaki yana da rediyo irin wadda ake magana da ita, ba ta jin labarai ba, da lasisinsa a bango cikin firam. A can wani ƙauye a gindin dutse kusa da Kafanchan akwai Japhet, abokin aikinsa na reluwe, shi ma da tasa rediyon da batirin mota. Shekara ashirin suka yi a ɗakin sigina ɗaya, wannan ya tsare wa wancan aiki ranar Lahadi, wancan ya rama masa ranar Juma'a. Tun da Japhet ya koma gida ba su taɓa fashin Asabar ba. Hirar kuwa ba ta wuce ciwon gwiwa da wanda ya mutu cikin tsofaffin abokai, sai gardamar wa ya fi iya sigina.

Sai kunnen Japhet ya fara nauyi. A wayar hannu ba ya jin komai, sai dai a rediyo in ya sa abin kunne ya murɗe ƙara. Daga baya wannan ma ya gagara. Wata uku cur Malam Awwalu yana jin muryar abokinsa tar:

"Malam, kana nan? Japhet ne. Gare ka."

Ya danna makirufo ya amsa, ya sake amsawa, har jijiyar wuya ta tashi. Can sai ya ji Japhet ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, ban ji ka ba. Sai wata Asabar." Wannan ya fi shiru ciwo.

Rannan Joanna, 'yar Japhet, ta kira shi. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, ƙarshen wata zan ɗauke shi mu koma Kaduna. Ba zai iya zama shi kaɗai ba. Kuma gidan bene ne na haya, babu inda za a kafa eriya." Malam Awwalu ya dubi kalanda. Asabar biyu suka rage.

Washegari ya hau mota zuwa Anacha. A bayan Kasuwar Ochanja ya san wani mai tsofaffin kayan lantarki, a can ya tono abin da yake nema: amfilifaya, akwatin da ke ƙara wa rediyo ƙarfin murya ta kai nesa. Tsohuwa ce mai kwalaben lantarki a ciki da ke yin ja in an kunna ta, nauyinta kamar buhun gari. Mai shagon ya ce, "Baba, this one na grandmama o." Malam Awwalu ya ce da tsohuwar zuma ake magani, ya rungumo abarsa a cinya har Inugu.

Haɗa su ba jona soket ba ne kawai. Ban da babbar wayar da murya ke bi, akwai wasu sirara guda biyu. Ta farko daga rediyo take zuwa amfilifaya, ita ke ce mata "tashi, maigida zai yi magana" duk lokacin da aka danna makirufo. Ta biyu daga amfilifaya take komawa rediyo, ita ke cewa "ya isa, sassauta" in ƙarfi ya yi yawa.

Ta farkon ce mai haɗari, kuma ya sani. Ya sa mita ya auna bakinta a jikin tsohuwar, ya ga wutar da ke wurin ta fi ƙarfin rediyonsa nesa ba kusa ba. In ya jona kai tsaye, hayaƙi ne zai tashi, garin neman gira a rasa ido. Sai ya buɗe wani gwangwanin madara da ya ajiye tun zamanin aiki, ya ɗauko rile, ɗan makunni mai aiki da kansa, ya sa shi a tsakani ya zama ɗan aike. Kwana uku yana fama da liƙin dalma. Da ya danna makirufo ya ji rilen ya ce ƙyat, sai ya juya zai ce "Haulatu, kin ji?" Ya tuna, ya mayar da kai ga aikinsa.

Waya ta biyu kuwa ya dube ta ya tura gefe. Mutumin da ya yi wata uku ana ce masa ba a ji, shi za a kawo wa wayar "sassauta"? A nan kam wayon Bazazzagi ya yi masa yawa.

Asabar ta zo. Ya yi sallar la'asar, ya kunna komai, kwalabe suka yi ja. Japhet ya kira. Malam Awwalu ya murɗe ƙarfi har ƙarshe ya zuba sallama. Da ya saki, sai ya ji tsohon abokinsa cikin fushi:

"Kai, wane ne wannan mai haniniya? Ba na gane ko kalma ɗaya. Don Allah ka kauce daga nan, akwai wanda nake jira."

Ƙarfin ya yi yawa, muryar ta fashe ta zama ƙara zalla. Ya yi sauri zai rage, amma Japhet ya riga ya kashe. Malam Awwalu ya zauna da makirufo a hannu. An ji shi bayan wata uku, kuma an kore shi don a jira shi. Ya so ya yi dariya, hawaye suka riga ta.

Satin nan bai buɗe shago ba. Ya jona waya ta biyu, ya zauna yana juya ɗan abin murɗawa na bayan akwatin kaɗan-kaɗan, yana kallon allurar mita, har ta daina dukan bango. Ya samu wani mai irin rediyonsa a Fatakwal ya ce ya saurare shi. Mutumin ya ce muryar ta fito fes.

Asabar ta ƙarshe, hadari ya haɗu ta wajen Abakpa, Malam Awwalu yana ta addu'ar kada a ɗauke wuta. Ba a ɗauke ba.

"Malam, kana nan? Japhet ne. Gare ka."

Ya danna a hankali, ya yi magana kamar mai hira a zaure. "Ina nan, mutumina. Awwalu ne. Gare ka."

Sai ga muryar Japhet: "Kai! Ashe kana da rai, tsohon banza! Na ji ka kamar kana ɗakin nan. Yi magana, ina ji. Gare ka."

Ai kuwa ya yi. Ya ba shi labarin Anacha da mai haniniyar satin jiya. Ya gangara kan ɗakin sigina da ranar da suka kusa tura jirgin kwal layin da ba nasa ba. Ya faɗa masa yadda gidan ya yi faɗi tun rasuwar Haulatu, da yadda yakan dafa shayi kofi biyu da mantuwa, maganar da bai taɓa yi wa Rahinatu ba. Ita kuwa wannan rediyo ƙa'idarta ɗaya ce, muddin kana danne da makirufo ba ka jin kowa. Shekara hamsin ya san wannan, ranar ce ya manta. Da ya ce "gare ka" ya saki, babu komai sai shuuu. Ya kira har aka yi kiran magariba, ba amsa.

Ranar Litinin Joanna ta kira daga tashar mota. "Baba, batirinsa ne ya ƙare. Da ma saura kaɗan. Na ce masa ya ce ku taƙaita tun farko, ya ce a'a, magana ta fi cin batir, shi zai saurara. Ya ce Malam na da zancen wata uku a baki."

"Har ina ya ji?"

"Har wajen shayin. Ya ce in gaya muku ya ji."

Asabar da ta biyo baya Malam Awwalu ya yi la'asar, ya shiga ƙurya ya kunna kayansa, kwalabe suka yi ja. Bai danna makirufo ba. Ya ajiye shi a cinya ya zauna yana saurare.