Madam Rashidatu da Ranar Aike

Ina ɗage ƙofar shagona da safe nakan hango Madam Rashidatu tana tafe. Daga unguwar Kanda take tasowa a ƙafa, ta biyo gefen babban gota, wato magudanar ruwa, ta shigo unguwarmu Maamobi, jaka a kafaɗa, lema a hannu ko babu hadari. Takan tsaya wajen mahaifiyata, Mma Mulikatu, ta karɓi kokonta, su taɓa hira kan ciwon gwiwa, sannan ta wuce ta tsaya a bakin ƙofar aji uku. Duk yaron da ya zo, da harshen gidansu take fara gaishe shi, Hausa ne, Kotokoli ne, Dagbani ne ko Zabarmanci, gwargwadon abin da ta tsinta. Sai ya amsa take juya gaisuwar zuwa Turanci. Haka take yi shekara talatin da wani abu. Ƙarshen wannan zangon karatu za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani tun tana kusa.

Sunana Sayibu, tela ne ni, shagona yana kallon ƙofar makarantar. A aji huɗu na tsaya da boko, a wata makaranta daban, don haka ba zan iya yi muku bayanin koyarwa irin na masana ba. Kallo kawai na iya, da tambaya.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ranar Alhamis. Sai in ga yaro ya fito daga ajinta shi kaɗai, riƙe da babban faranti hannu bibbiyu, bakinsa na motsi, ya shiga wani shago a layinmu, ya dawo da tsintsiya ko bokiti ko kuma ba komai. Can sai wani ya fito. Wata rana na kasa haƙuri na tare ta.

"Madam, don Allah, farantin nan horo ne?"

Ta yi dariya. "Sayibu, in ka ɗinka riga, ta yaya kake sanin ta yi?"

"Sai mai ita ya sa, ya ɗaga hannu, ya zauna ya tashi."

"To ni ma sa musu nake yi in gani."

Da ta warware mini na gane inda muke kuskure. Mu a Zango da kunne muke auna karatu. Mun taso a makarantar allo, inda yaro ke ɗaga murya ya kawo hadda ba tangarɗa, a ce masha Allah. A can haka ya dace, don abin da aka saukar ba a taɓa shi. Sai muka ɗauko wannan ma'aunin muka ɗora wa Turanci. Malami ya faɗa, aji ya amsa gaba ɗaya har kwanon rufi ya ɗauka, iyaye na wucewa su ce yau kam ana karatu. Madam ta ce a cikin wannan amshi babu wanda zai iya faɗa maka wane ne ya ji, wane ne ke bin iska. Takardar jarrabawa ma, yaro mai kai zai iya haddace ta.

Don haka ta ware ranar aike. Takan kira yaro ta faɗa masa saƙo da Turanci a hankali, saƙon da bai taɓa ji ba: je wajen wane, ka ce ya ba ni abu kaza, ƙarami ba babba ba, zan mayar bayan Azahar. Farantin kuma don kada ya yi nuni da yatsa ne, domin yaran nan namu na Maamobi da maƙwabciyarta Nima in ka bar musu hannu za su sayi kasuwar Laraba kaf ba su buɗe baki ba. Abdulai, wanda yanzu yake gyaran waya a unguwar Circle, ya ce mini shi da haɓa ya riƙa nuni, har Madam ta ce saura ta ɗora masa faranti a kai.

Amma babbar matsalarta ba yaran ba ne, mu ne manya. Masu shagunan da ta roƙa su taya ta sun yi alkawari ba za su yi Hausa ba. Sai yaro ya tsaya yana in'ina, idonsa ya kawo ruwa, tausayi ya kama su. Wanda ya fi kowa laifi Baba Wasiu ne, mai shagon robobi da kwanuka. Ya yi aiki a tashar jirgin ruwa ta Tema, Turancinsa har ya yi yawa, amma zuciyarsa ba ta da ƙashi. Da kunnena na ji shi yana raɗa wa wani yaro, "Tsintsiya ta ce, ko? Ɗauki ka gudu." Madam kuwa tana tsaye bayan tulin bahon roba.

"Baba Wasiu, kai na aika ko shi?"

"Ei, Madam, kalli fuskarsa mana! Ni ba soja ba ne."

"In ya shiga aji huɗu, kai za ka zauna kusa da shi kana raɗa masa?"

Wannan tambaya ta taɓa ni, don na san aji huɗu. Nan ne komai yake komawa Turanci, lissafi da kimiyya da duk sauran. Ni da muryata ta fi ta kowa a amshi, na shiga na zauna kamar baƙo a gidan biki. Ba wanda ya lura, ni ma ban san sunan abin da ke damuna ba. A hankali ƙafata ta daina zuwa.

Shi ya sa gabana ya faɗi shekarar da ƙanwata Nadia, autarmu, take ajin Madam. Nadia ce ta zo ta ɗaya a zango na biyu. Ranar rufe makaranta ta tsaya gaban iyaye ta zuba wata doguwar waƙar Turanci ba ta tsaya ba, mata suna guɗa. Da aka koma hutu sai ga Madam a wajen kokon Mma, ta ce yarinyar ba ta fara jin Turanci ba tukuna.

Mma ta ajiye ludayi. "Ei, Madam! Wadda ta zo ta ɗaya? Ba ki ji ta ba ranar nan?"

"Na ji ta, Mma, ai ni na koya mata. Amma da na ce ta ɗauko kujerar da ke bayan ƙofa, sai ta maimaita mini maganata tsaf, ta yi murmushi, ta tsaya tana jiran tafi."

Mma ta gaji, na sani, tun rasuwar Baabanmu ita kaɗai ke kan tukunyar nan. Ta ce, "In duk shekarun nan bai shiga ba, to ba zai shiga ba. Ta zo ta kama mini aiki, ga yayanta nan bai mutu ba don ya bar boko."

"Ki ba ni ita zuwa ƙarshen zangon nan," in ji Madam. "Sannan ki zo ki gani da idonki. Abin da kika yanke, shi ke nan."

Daga ranar, in an tashi makaranta, a bencin gaban shagona suke zama. Na ɗauka littafi za ta buɗe mata. Sai na ji ta ce, "Nadia, ni ban iya koko ba. Yaya Mma take yi?" Yarinyar ta kama bayani da Hausa, jiƙa gero, kai inji, tacewa, citta da kanumfari da barkono. Madam ta ce to yanzu ki sake faɗa wa wata baƙuwa da ba ta jin Hausa. Inda kalma ta ɓace, ba ta miƙa mata nan take, sai ta bar ta ta kewaya ta kwatanta. Ba ta katse ta don gyara. Wani lokaci shirun yakan yi tsawo har in tsayar da keken ɗinki in ji ko sun tafi.

Na tambaye ta, "Madam, ba cewa ake Hausa ce ke hana su Turanci ba? A zamaninmu dukanmu ake yi in mun yi ta a aji."

Ta ce ita dai ba ta ga haka ba. Yaron da ya iya jera labari da harshen uwarsa, in ji ta, ya riga ya san hanya, abin hawa kawai zai sake. Na ce to aiken nan, ba ya kuskure? Ta ce yana yi. Akwai yaron da ya ji sarai amma kunyar manya ta ɗaure masa harshe, kuma har yau ba ta gama gano yadda za ta raba kunya da rashin ji ba. Wani lokaci takan sake masa shago, wani lokaci ta haɗa shi da aboki, wani lokaci kuma ta koma gida ba ta sani ba. Ban taɓa jin malami ya ce bai sani ba sai ranar.

Aiken Nadia na farko, faranti ta dawo da shi wayam tana kuka. Na gaba ta kawo murfi babu bokiti.

Alhamis ta ƙarshe Mma ta bar wa maƙwabciya tukunya, ta zo ta tsaya a shagona bayan yadudduka. Nadia ta fito da farantinta ta nufi wajen Baba Wasiu. Ƙaramin bokiti shuɗi mai murfi aka aike ta. Baba, da yake Madam ta shirya da shi, ya ɗora mata ƙaton ja, ya juya baya. Yarinyar ta dube shi, ta yi taku kamar za ta tafi, sai ta tsaya. Ta yi magana. Ya amsa mata da faɗa, wai shi ne wannan. Ta sake yi, da ƙarfi. Ban ji duka ba, amma na ji abu ɗaya: babu tashin waƙa a ciki. Tana yi tana tuntuɓe, ta tsaya ta nemo kalma, ta dawo da haushinta. Can Baba ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya sauko mata da shuɗin.

Mma ta fito. "Baba, me ta ce maka?"

"Cewa ta yi in idona ne ba ya gani, in matsa ta shiga ta duba da kanta!"

"Kai ta faɗa wa haka? Da Turanci?" Mma ta kama haɓa. "Nadia, zo nan! Durƙusa ki ba Baba haƙuri, mara kunya." Nadia ta durƙusa da farantinta ta ba shi haƙuri da Hausa. Mma ta goge ido da bakin mayafi, ta juya wajen Madam, wadda ke tsaye a bakin ƙofar makaranta, ta ce, "Ta tafi aji huɗun."

Madam Rashidatu, uwar aji uku, mai haƙurin jiran kalma. Ke ce kika ƙi karɓar tafi a madadin ji. Ke ce kika iya zuwa gaban uwa ki faɗa mata abin da ba ta so, alhali da kin yi shiru ba wanda zai zarge ki, don a takarda yarinyar ta ɗaya ce. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba, ba a ba ki kambu ba, amma daga Maamobi har Nima akwai masu gemu yanzu da suka taɓa riƙe miki faranti.

Na ji za ki koma unguwar Madina wajen ɗanki. Kafin ki kwashe kaya, ina roƙon malamai matasa su zo su zauna da ke, su yi miki tambayoyin da suka fi nawa. Masu shago, in an aiko muku yaro, ku daure ku bar shi ya nemo maganarsa, tausayin nan namu yana cutarwa. Iyaye kuma, in yaro ya zuba muku Turanci kamar ruwa, ku yi murna, sannan ku je ku tambayi malaminsa ko ya san abin da ya faɗa.

Mun gode, Madam. Allah Ya ba ki hutu mai albarka da lafiyar jin daɗinsa. Nadia tana aji shida yanzu. Malaminsu ya ce mini ta cika ɗaga hannu tana cewa ba ta gane ba, a sake mata. Shi ƙorafi yake yi. Ni kuwa sai da na ce ya maimaita mini, don in sake ji.