Sanyin da Maigidana Ya Koyi Fatsa

Mijina bai taɓa riƙe ƙugiyar kamun kifi ba sai da ya haura hamsin. A bakin kogi aka haife shi, a Sudan, amma yana goye aka kawo shi Madina, nan kuwa ba wani ruwa da mutum zai tsaya a bakinsa sai na famfo. Ni ma haka na tashi. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso da niyyar hajji, suka yada zango a Sudan, iyayenmu suka ƙarasa tafiyar. Fasfonmu na Sudan ne, muna Hausa a ɗaka, muna Larabci a waje.

A filin jirgi yake aiki, yana loda kayan alhazai da sauke su, tun kafin a yi aurenmu. Shekarar da nake ba da labari, kamfanin ya rage ma'aikata, sunansa ya fito cikin waɗanda aka sallama. Bayansa ma ya riga ya gaji, in ya sunkuya sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, a wuyan kamfanin take, tawa da ta 'yarmu kuma a wuyan tasa. Aka ce ya nemi sabon kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamansa, da zai karɓe shi kafin ta ƙare. Ya yi ta nema. Duk inda ya je sai a dubi furfurar gemunsa a ce za a kira shi.

Muna haya a Uhudu, a bayan rumfunan masu sayar wa baƙi dabino da carbi. Ni ina ɗinki a gida, ina rage tsawon abaya, ina sa maɓalli. Da zafi ya tsananta ya daina fita neman aikin. Sai ya zauna a falo kusa da keken ɗinkina, ya kunna talabijin ya kashe murya. In na yi magana ya ce "to". In 'yarmu ta dawo daga makaranta ta gaishe shi da Larabci, ya ɗaga mata hannu. Abin da ya fi damuna ke nan, domin mutum ne da a da sai na roƙe shi ya yi shiru in yi barcin rana.

Da zafi ya karye, wani abokinsa ya zo. Bacadi ne, mai gyaran famfo, yana zaune wajen Ƙiblatain, matarsa ƙawata ce. Ya same shi a yadda na faɗa, ya sha shayi, ya dube shi ya ce, "Alhaji, wannan zaman zai kashe ka. Ranar Juma'a ka shirya mu je Rayis."

"Me ake yi a Rayis?"

"Teku. Yanzu ne lokacinta. Da zafi ba mai iya tsayuwa a bakin ruwa, amma daga yanzu har ƙarshen sanyi kifi yana matsowa gaɓa."

Ina bayan labule ina jin su. Mai famfo ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya ce sabon shiga daga tudu yake farawa, ya tsaya kan yashi ko kan dutse ya jefa fatsa, ba mai tambayarsa komai. In ya saba, sai ya shiga ruwa zuwa gwiwa, ya taka har inda duwatsun murjani suka ƙare, nan kifi ya fi girma amma sai da takalmi mai ƙarfi. Manyan kifaye kuwa sai cikin jirgi, mutane su haɗu su ɗauki shata. Ya ce wannan sai tsakiyar sanyi.

Ban yi zaton zai je ba, amma ya je. Ya sayo sandar fatsa ta hannu da ɗan injin naɗe zarenta, da ƙugiyoyi, da dalmar da ke nutsar da koto. Suka fita bayan asuba, suka yi Juma'a a wani masallaci a can, suka dawo da magariba. Bai kamo komai ba. Ƙugiyoyinsa sun maƙale a murjani sun tsinke, zare ya yanka masa yatsa, ƙafar wandonsa ta yi fari da gishiri. Amma ya yi magana. Muna cin abinci yana ba mu labarin yadda ƙananan kifaye suke cinye jatan landen da ya sa su bar masa ƙugiya tsirara, har yana kwaikwayon bakinsu. 'Yarmu ta yi dariya har ta ƙware.

Daga nan kusan kowace Juma'a suna hanya. Sauran kwanaki kuma ya zauna da ragowar zarena yana koyon ɗaurin ƙugiya, ya ɗaura ya kwance, gilashi a kan hanci. Ya fara kawo ƙananan kifaye, wani lokaci guda biyu da ba su kai tafin hannu ba, in soya masa su da yaji ya ci yana yaba kansa. Na san kifi ba zai sabunta iƙama ba. Amma na ce a raina mutumin da ya dawo yana dariya zai iya sake fita neman aiki, kuma wataƙila a bakin ruwan nan ya haɗu da wanda zai karɓe shi. Mutane iri-iri ke zuwa, har masu kamfani.

Ana cikin haka iƙamar ta ƙare. Ba a yi maganar ba a gidan. Na sani, ya san na sani.

Da sanyi ya kai tsakiya, irin wanda yake sa mutum ya ji tsoron ruwan alwala, mai famfo ya ce lokacin jirgi ya yi. Ya haɗa wasu abokan aikinsa, suka yi magana da wani mai jirgi. Matarsa ta ce mu ma mu bi su, mu shimfiɗa darduma a gaɓa mu sha iska. Shi ne karo na farko da na je.

Hanyar tana da tsawo, duwatsu baƙaƙe dama da hagu, sai bayan Badar ƙasa ta buɗe. Akwai shingen bincike a hanya. Da muka doso shi na ga maigidana ya daina magana, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa. Jami'in ya leƙo, ya ga mata a baya, ya yi mana hannu mu wuce. Sai da muka yi nisa ya saki numfashi.

Mun isa hantsi bai yi ba. Ruwan ya fi yadda nake zato girma, kusa da gaɓa kore-kore, can ciki shuɗi mai duhu. Mai jirgin dattijo ne, Balarabe, mai fara'a. Ya ce kowa ya kawo katinsa, zai kai wa masu tsaron gaɓa su rubuta kafin a tashi, haka doka take. Ina zaune nesa kaɗan amma ina gani. Ya karɓi na kowa, ya duba a wayarsa. Da ya zo kan na mijina sai ya tsaya, ya ja shi gefe, ya dafa kafaɗarsa. Daga baya na ji abin da ya ce masa: wannan iƙamar ta ƙare, in na kai musu ni da kai duka za mu shiga matsala, ka yi haƙuri, kada ma ka matso kusa da ofishin.

Mai famfo ya ce shi ma ya fasa. Mijina ya ce, "Wallahi sai ka tafi. Ka tara mutane, za ka watsa su saboda ni?" Suka yi ta ja, a ƙarshe mai famfo ya tafi. Jirgin ya tashi, mijina yana tsaye da sandarsa da ɗan akwatin ƙanƙarar da ya aro don ya zuba manyan kifaye.

Ya taka zuwa wasu duwatsu nesa da mu, ya fara jefa fatsa. Iskar arewa ta taso, tana dawo masa da zaren. Ƙawata ta ce, "Yaya, ki kai masa shayi mana." Na zuba a kofi na bi shi, ina riƙe abayata kada iska ta kwashe ni.

Ina isa sandar ta lanƙwasa. Ya ja, ya naɗe, ya ja, fuskarsa ta buɗe. Abin da ya fito wani kifi ne mai ƙaya, yana taɓa dutse ya kumbura ya zama kamar ƙwallo. Ya ce an gaya masa wannan guba ne, ba a ci. Ya cire ƙugiyar a hankali, ya tura shi ruwa da gefen takalmi. Bai sake sa koto ba. Ya zauna, ya karɓi shayin.

Ya nuna ruwan da haɓa ya ce, "Kin san abin da ke ƙetare?"

Na ce na sani, Sudan ce.

"In aka kama ni can za a kai ni. Ke da yarinya ku biyo baya."

"Allah ba zai sa ba, Baban yarinya."

"Ƙanena da ya koma can tun yana yaro ya bar gidansa da abin da ke jikinsa, yanzu a makaranta suke kwana da iyalinsa saboda yaƙi. Shi da ya san ƙasar ke nan. Ni in aka sauke ni a tashar jirgi, ban san ko dama zan yi ko hagu ba."

Na ce akwai wani mai shagon kayan gini da ƙawata ta ce yana neman mai gadi. Ya ce ya je wurinsa tun watan jiya, mutumin ya ce ba zai iya ɗaukar nauyin iyali ba. Bai gaya mini ba sai ranar. Muka zauna a kan dutsen nan har shayin ya huce a hannunsa.

Jirgin ya dawo bayan la'asar. Sun yi kamu sosai, har da wani dogo da sai mutum biyu suka ɗauko shi. Suna ta murna, da suka hango mijina sai suka rage murya, abin da na ga ya fi yi masa ciwo. Mai famfo ya cika masa akwatinsa, ya ce rabonsa ne, da shi aka yi niyya. Ya yi godiya. Da muka iso gida maƙwabcinmu ya gan shi da kifi ya ce, "Masha Allah, Alhaji ya zama gwani!" Ya ce masa, "Ba ni na kama ba, ba ni aka yi." Ya sa na rarraba wa maƙwabta, na dafa saura. Ya ci shinkafa ya ture kifin gefe.

Juma'ar da ta biyo mai famfo ya zo da mota, ya ce su koma fatsar tudu kamar da. Mijina ya ce bayansa na ciwo. Ta gaba ma haka. A ta uku mijina ya faɗa masa gaskiya, ya ce shingen nan na hanya ba kullum za a yi masa hannu ya wuce ba, kuma ba ya so a kama shi a motar abokinsa ya ja masa tara. Mai famfo ya san haka ne. Ya ci gaba da zuwa gaisuwa, amma ya daina maganar teku a gidanmu.

Sanyi ya wuce, zafi ya dawo, wani sanyin ya sake shigowa. Ba a kama shi ba, bai kuma sami kafil ba. 'Yarmu ta gama sakandare, takardunta ba su ba ta damar ci gaba ba, yanzu ita ke yi mini guga da sa maɓalli. Shi iyakarsa masallacin layinmu, ko Harami ya rage zuwa don gudun a tambaye shi kati a hanya. In ya dawo daga asuba sai ya koma ya kwanta har azahar. Idanuna sun fara gajiya da baƙin yadi, sai na fito tsakar gida inda haske ya fi yawa kafin in iya zura zare a allura.

Matan da ke kawo ɗinki sukan tambaye ni, "Ina maigidan, kwana biyu ba ma ganinsa?" Sai in ce yana nan.