Ranar da Anka Ga Kananzir a Fadamar Kaka

Shekaranjiya ina kwashe tarkace daga tsohuwar adakata sai na ci karo da wani faifai da kakata ta saƙa. Jan da ke jikinsa ya koɗe, farin ya koma ruwan ƙasa, amma baƙin yana nan wuluk kamar jiya anka rina shi. Na kai shi hanci, wallahi har yau da ɗan warin laka a jikinsa. Sai na zauna bakin gado ina ta dariya ni kaɗai, don saura ƙiris da na raba Kaka da baƙin nan, kuma da bakina.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Wurno da Goronyo, a gefen fadamar gulbin Rima. Kowace damina gulbi yakan cika ya malale fadama, ciyawar burugu da bado su rufe ruwa. In ruwa ya janye sai Fulani su sauko da shanu, su ci abin da za su ci, su tattake saura, su bar kashi. Duk a nan yake kwanciya ya ruɓe, bana a kan bara. Shi ya sa ƙasar wurin baƙa ce mai danƙo, in ka damƙe ta sai ka ji santsi kamar an murza ta da man shanu. Maza albasa suke shukawa a kanta. Kaka kuwa ba ruwanta da albasa, laka take so.

Sana'arta saƙar faifai da tabarma. Takan dafa kaba da bagaruwa, ta kai ta wani rami can cikin duhuwa, ta binne a laka kwana biyu, in ta tono sai ka ga kaba ta yi baƙi ƙirin. Sauran matan gari a tabkin bakin gari suke rini, baƙinsu ba ya kai shekara. Na Kaka sai dai tabarma ta mutu da shi, har a kasuwar Gandi an san hannunta. Ramin nan wurin uwarta ta gada, ko 'ya'yan cikinta ba su san inda yake ba. Ranar da ta fara zuwa da ni, sai da ta murɗe mini kunne ta ce, "Aku, in kin hwaɗa ma wani wurin ga, ke ma sai na rine ki." Aku take ce mini, don tun ina ƙarama bakina ba ya rufuwa. Har yau bai rufu ba, kai ma shaida ne.

Ni abin da ya ɗauke mini hankali saman ruwan ramin ne. Ɗan ruwa ne kwance, bai kai gwiwa ba, amma da hantsi in rana ta doke shi sai ka ga wani maiƙo a shimfiɗe, shuɗi da ja da ruwan zinariya, kamar wuyan tantabara. Nakan tsuguna in yi ta kallo har sai Kaka ta daka mini tsawa.

A shekarar nan ne Baffa, ƙanen babanmu, ya dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama da muƙamin saje da manyan takalman soja da fitilar kananzir da labarai marasa ƙarewa. Wata rana da la'asar yana ɗura wa fitilar mai, ɗigo ya faɗa cikin ruwan wanke-wanke, sai launuka sunka bazu. Yara munka taru muna mamaki. Baffa ya gyara zama ya ce ai wannan mai daga ƙarƙashin ƙasa Turawa ke haƙo shi, mu nan ba mu da irinsa. To, ka san ni. Ina zan iya jin ana yi mana gori in yi shiru? Na murguɗa baki na ce wannan ɗan mitsitsin? Kaka tana da rami guda cike da shi.

Da ƙuli-ƙuli biyu Baffa ya saye ni, ba zan ɓoye maka ba. Washegari na kai shi. Da ya ga saman ruwan ya yi salati, ya cire hula ya mayar, bai ko waiwaye ni ba ya nufi gidan hakimi.

Da magariba muna cin tuwo ya yi wa gida albishir. Ya ce in labari ya tashi daga hakimi ya kai ga uban ƙasa, ya kai ga Bature, za a zo da injuna, a kewaye wurin da waya mai ƙaya kamar yadda ya gani a can, a sa masu gadi, shi ne ma zai zama babbansu. Kaka ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "In sun sa waya, ni ta ina nika shiga?"

Ya ce, "Haba Inna, ai ba ki shiga. Wurin gwamnati na."

Ta ture kwanonta gefe. Ba ta doke ni ba, ba ta zage ni ba, ko kallona ba ta yi ba. Da ma ta doke ni! Ta zauna tana duban tafin hannunta da rini ya riga ya kama. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Allah ya taimake mu hakiminmu mutum ne mai taka-tsantsan. Ya ce ba ya aika saƙo sama sai ya gani da idonsa, don in anka taso Bature a kan ƙarya, rawaninsa ne zai amsa. Washegari da hantsi rabin gari ya biyo shi fadama, har da masu albasa da sunka bar ban ruwa. Baffa na gaba yana taku irin na fareti, har laka ta riƙe masa takalmi ɗaya, ya fito da ƙafa tsirara, yara sunka kwashe da dariya. Bai karaya ba. Ya tsoma tsumma a ruwan ya ƙyasta ashana, tsumma ya ƙi kamawa, ya ce ai don yana haɗe da ruwa ne, Turawa na da injin rabawa. Sannan ya ɗebi ruwa mai kyau a ƙwarya, ya ɗiga kananzir daga 'yar kwalbarsa, ya aje ƙwaryar kusa da ramin. Kai jama'a! Launi ɗaya sak. Anka ɗau kabbara, hakimi ya fara shafa gemu.

Sai Kaka ta karyo karan dawa ta miƙo mini. Ta ce, "Aku, ke kib buɗe, ke za ki ruhe. Motsa ƙwarya."

Na karɓa na motsa. Launukan sunka yi ta juyi, da na cire kara sunka sake haɗewa kamar ban taɓa su ba. Ta nuna mini ramin da haɓa. Ina tsoma kara sai maiƙon ya tsage, ya farfashe gutsi-gutsi kamar ɓawon ƙwai, kowane gutsure ya tsaya inda yake, ya ƙi komawa ga ɗan'uwansa.

Kaka ta ce, "Ranka shi daɗe, wanga ba kananzir ba na, gumin ƙasa na. Ciyawa da kashin shanu sun ruɓe, laka ta ci ta ƙoshi, shi na take hiddo maiƙo. Laka rai gare ta. Sunsuna ka ji."

Hakimi ya duƙa ya sunsuna, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge shi, ya ja da baya yana tofar da yawu. Ya dubi Baffa ya ce, "Saje, nemi takalminka mu koma gida." Daga ranar har ya mutu, Sarkin Kananzir ake kiran Baffa, kuma yakan amsa da dariya.

Rami ya tsira daga waya, amma asiri ya tonu. Kafin sati ya zagayo matan gari sun yi layi da kabarsu. Kaka ta yi ta mita, daga baya ita ce ke nuna musu inda laka ta fi nuna. Ta ce mini gara ta raba da maƙwabta da ta tsaya tana leƙe ta bayan waya. Alkawarinta kuwa ta cika shi, ta shafe mini fuska da laka har kunne, na dawo gida ana yi mini dariya ina murna.

Jikana da ya yi karatu mai zurfi ya ce mini wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke zaune cikin lakar, suna cin ruɓaɓɓiyar ciyawa suna barin maiƙonsu. Na ce masa Kaka ta riga malamansa faɗa. Bara ya kai ni fadamar. Gulbi ba ya malala kamar da, duhuwa ta zama gonar albasa, ko'ina injin ban ruwa ke ruri. Kusa da wani inji na hango ɗan ruwa kwance da launukan nan. Na tsoma sandata na motsa. Sai sunka yi juyi sunka sake haɗewa. Na ce Allah ya jiƙan Baffa, ga kananzirinsa ya iso fadama, sai dai ba daga ƙasa ya fito ba.