Yaren Ɗana da Kakarsa

Ɗana na fari yana da shekara uku muka sa shi a wata makarantar yara a Tudun Wada. Ya fita da Hausa, ya fara dawowa da Turanci, sai ya kama haɗa su yana ƙera nasa. Takalmi ya zama "shukalmi". Barci ya zama "silibci".

Gidanmu babban gida ne a cikin birni, ɗakina yana kallon na surukata, Hajiya. Tunda ɗan fari ne, kunya ta hana ni kiran sunansa, balle in yi masa wasa a gaban mutane. Hajiya kuwa ba abin da ya hana ta. "Maigidana" take ce masa, irin wasan kaka da jika. Da ya sauko daga keke napep ɗakinta yake nufa, ya zazzage mata sababbin kalmominsa, ita kuma ta cafe. Matar da ba ta san ko A ba, ga ta tana cewa, "Ku yi shiru, maigida zai yi silibci." Kafin wata guda duk gidan ya ɗauka.

Ni fa malamar Turanci ce. Rabin kowace kalma daga fannina ya fito, amma ni ce ba ni da izinin ko murmushi. Ina tsakar gida ina tankaɗe ina jin dariyarsu, raina yana ƙuna. Kishi nake yi da tsohuwa, ba zan ɓoye ba.

Sai na rama ta inda nake da iko. In mun shiga ɗaki na saki labule, in ce masa, "Ba a cewa haka. Ka zaɓi ɗaya, ko Hausa ko Turanci." Na gaya wa kaina tarbiyya ce. Gaskiyar ita ce so nake ya daina kai mata abin da ban samu ba.

Yaron yana da kai. Cikin 'yan makonni ya gyara bakinsa tsaf, amma a gabana kawai. In ya tsallaka ɗakin Hajiya, sai in jiyo sababbi suna fitowa, waɗanda ko ma'anarsu ban sani ba.

Wata Asabar Hajiya ta tafi bikin suna a Kufena tare da sauran mutanen gidan, gida ya rage daga ni sai shi. Na ɗora shi a cinya, abin da na daɗe ban yi da rana ba. Na tattaro ƙarfin hali na ce masa, "Zo mu yi silibci."

Ya ɗago ya dube ni, ba fushi ba dariya.

"Umma, barci ake cewa," in ji shi. "Wancan namu ne ni da Hajiya."

Ya sauka ya je ya zauna a bakin ƙofarta yana jiran ta dawo.