Mai Ƙaho da Waƙar Tabarma

Yayana mai walda ne, amma in ka shigo unguwarmu kana tambayar mai walda, sai a yi ta yawo da kai. Ce Mai Ƙaho kawai. Wani dogon ƙaho ya haɗa wa kansa da guntayen bututu, ya shafe shi da shuɗin fenti, launin ƙungiyar ƙwallon garinmu. Ƙofar shagonsa shuɗiya, kekensa shuɗi, har butar alwala sai da ya nemo shuɗiya. Ranar wasa kuwa, ko motar asibiti ce ta karye a ƙofarsa ba zai kunna inji ba.

Aikinsa a filin wasa guda ne: ya tsaya bayan ragar baƙi ya yi wa golansu zambo. Tun ana saura mako yake bin direbobi da 'yan kasuwa yana tono asirin bawan Allah, ko matarsa ta yi yaji, ko an taɓa kama shi da kazar maƙwabta. Ya shirya waƙa, ya busa ƙaho, jama'a su amsa. Ana cewa rabin ƙwallayen da aka ci a filin nan bakin Yaya ne ya ci su, shi kuwa kansa ya yi ta kumbura.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi. Uwar ta rasu yaron bai fara tafiya ba, ni gwaggonsa na raine shi. Dogo muke ce masa. Ya tashi da hannun kama ƙwallo, ya je gwaji ƙungiyar ubansa suka ce ya cika siranta. Sai ƙungiyar 'yan ƙetaren gada suka ɗauke shi gola, waɗanda Yaya ko ruwan garinsu ba ya sha.

Da aka sa ranar da za su zo wasa, shagon walda ya zama dandali. Shugaban magoya baya, wani mahauci da suke kira Ciyaman, shi ya fi kowa zuga. Kullum sai ya leƙo yana dariya, wai bana za a ga ko shuɗin Mai Ƙaho a jini yake ko fenti ne kawai, wai ƙila ƙahon ya kamu da mura ranar.

Ana gobe wasa na same shi yana goge ƙahon da tsumma. Na ce, “Yaya, ka ce ba ka da lafiya. Ba wanda zai ga laifinka.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “A cikin fili ba ni da ɗa.”

Akwai abin da mu uku kaɗai muka sani. Dogo ya wuce shekara goma yana fitsarin kwance. Ni nake shanya tabarmarsa a bayan ɗaki kafin maƙwabta su tashi, ban taɓa faɗa wa ko ƙawata ba. Wannan Yaya ya ɗauka ya yi waƙa da shi. Ban je filin ba, amma gidanmu ba nisa. Ina tsakar gida ina wanki na ji dubban bakuna suna amsa “Jiƙa-tabarma”, sabulu ya suɓuce mini. An ce Dogo sau ɗaya ya waiwaya ya dubi ubansa, daga nan ƙwallo ta yi ta shiga kamar ba kowa a ragar. A kafaɗa suka ɗauko Yaya har ƙofar shago.

Sunan ya bi yaron. Duk filin da ya je an riga shi da waƙar, wasu har jiƙaƙƙiyar tabarma suke jefo masa. Bai daɗe ba ya ajiye safar hannu, ya buɗe shagon faci a ƙetaren gada. Ni yana zuwa gaishe ni. Gidan ubansa kuwa bai sake takawa ba.

To, ina ƙungiyar da aka yi wa wannan sadaukarwa? Gidajen kallo suka buɗe, ana ganin wasannin ƙasashen waje a kan benci, ƙarƙashin fanka. Ƙungiya ta faɗa ƙaramin rukuni, aka sayar da ita, aka kwashe ta zuwa wani gari. Filin yanzu koyon mota ake yi a ciki, awaki na kiwo a bayan raga. Ciyaman yana yawo da rigar wata ƙungiya da bai san inda garinta yake ba, kuma ita ce ta uku da ya canza. Na taɓa tare shi a bakin teburinsa na tuna masa zugar da ya yi wa Yaya. Ya ce, “Haba Gwaggo, ai ƙwallo nishaɗi ce. Wa ya ce ya ɗauke ta da zafi haka?” Wallahi har yau in na tuna maganar nan zuciyata tafasa take yi. Taken ƙungiyar ma sun manta. Waƙar tabarma ce kaɗai ba su manta ba.

Yaya ya tsufa, walda ta ci masa ido. Ya sha aika ni biko, Dogo sai ya ce, “Gwaggo, bar maganar nan.” Sai bana ya yarda 'yarsa ta zo mini hutu, ya kuma ce ba laifi kakanta ya gan ta. Yaya ya zo sanye da fararen kaya, riƙe da ledar alewa, yana ta tsokanarta, wai amaryarsa ta zo ba ta kawo masa komai ba. Ta yi dariya, ta saki jiki. Can ya shafa fuskarta, ya ji tabo a leɓenta, ya tambaya.

Ta ce faɗa ta yi a makaranta. Yara ne ke bin ta da wata waƙa, suna ce mata 'yar Jiƙa-tabarma.

“Kaka, na tambayi Baba wane mugu ne ya ƙago waƙar nan. Ya ce in tambaye ka, wai kai ka san shi.”

Yaya ya juyo wajena da idanun nan nasa da ba sa gani sosai. Na ci gaba da ninke kayana. Ta riƙe masa hannun riga tana jira.