Ranar da Na Shiga Cikin Masu Dafa Abincin Biki

Damina biyu ke nan bayan an tashe mu daga tsohon Zongo na cikin gari, shekarar da ɗana na fari ya fara tafiya, na nemi shiga cikin matan da ke dafa abincin biki. Jikata mai rubuta mini wannan, wadda ta yi karatu a Gana, ta ce Turawa kalma ɗaya suke da ita ga fara abu da shigar da mutum cikin ƙungiya. To, ni duka biyun rana ɗaya na yi su.

Ba a shiga da roƙo. Sai an ba ki babbar tukunya a bikin mutane, ki hura wutarki, ki zuba gishiri sau ɗaya tak ba ɗanɗanawa. Magajiya, shugabarmu, ita ke ɗanɗanawa. In ta tura kwanon gefe, kin koma wanke-wanke har abada. Ni kuwa tun ina yarinya nake son a ce an kira ni biki da sunana.

Auren 'yar wani mai shanu ne, shinkafa da wake aka ba ni. Matan suka zauna a tabarma suna mini tsiya, wai hannuna ƙarami ne, sai dai in dafa wa kaji. Na hura wuta, na watsa gishirina.

Tukunya ta fara tafasa ke nan sai hadari ya taso daga wajen teku. Ruwa ya sauko, itace ya fara hayaƙi, na tsuguna na kare wutar da zanena. Kawai sai na ji ruwan ya daina dukan bayana. Da na ɗaga kai, masu tsiyar nan ne su huɗu, sun ɗauko fallen kwanon rufi sun riƙe a kaina, sun jiƙe sharkaf suna dariya, suna cewa in fifita da sauri hannunsu ya gaji. Wallahi na fifita kamar mahaukaciya!

Da abincin ya nuna, Magajiya ta ɗiba ta tauna a hankali, ta ƙara loma. Sai ta dube ni.

"Ke 'yar nan, me kike tsaye kamar baƙuwa? Karɓi ludayi ki raba wa mutane."

Guɗar da aka yi ranar, sai da maza suka leƙo. Tun daga ranar, har unguwar Kégué an kira ni biki.

Magajiya ta rasu tuni, Allah ya jiƙanta. Cikin huɗun da suka riƙe kwanon rufin, ɗaya ta rage, tana unguwar Bè-Kpota wajen ɗanta, idonta ya tafi. Har yau in na je gaishe ta sai ta laluba hannuna ta ce bai girma ba.