Warin Rigar Maikuɗi

Shekara ashirin da biyu ke nan Uwaliya tana shara da goge-goge a ɗakin maza na wani asibiti a Gwarzo. Ba ta yi boko ba, amma Allah ya ba ta hanci. Aikin ma bayan rasuwar mijinta ta same shi. A ɗakin nan ya cika, wata damina da ya dawo daga feshin gonarsa a Mainika yana dalalar da yawu, aka yi ta ɗura masa maganin zazzaɓi. Ta ji warin maganin feshi a rigarsa, ta ja bakinta, don ita wace ce da za ta gyara wa likita? Har yau abin yana cin ta.

Duk shekara akan turo ɗaliban likitanci daga Kano, su yi makonni a hannun wani likita mai neman ƙwarewa. Na bana Dakta Mahbub ne. Ya san aiki, ba a raba shi da wannan, ga ɗakuna uku a kansa shi kaɗai, amma bakinsa ya fi allurarsa zafi. Dokarsa ita ce ɗalibi ba ya magana sai an tambaye shi. Kuma sai ya sa hannu a takardarka za ka shiga jarrabawa, shi ya sa suke bin sa ɗuu, kowa tsit.

Ranar Laraba da hantsi aka kawo Maikuɗi, wani manomin wake daga Kara, yana amai da gudawa, gumi sharkaf. Ana fama da kwalara a lokacin. Dakta ya duba shi a tsaitsaye, takunkumi a fuska, ya ce a sa masa ruwa, ya yi gaba.

Uwaliya ta sunkuya za ta kau da rigar mutumin, sai ta tsaya cak. Warin nan ne. Ta jawo wata ɗaliba, Khairiyya, bayan ƙofa.

"'Yar nan, shinshina ki ji."

"Na gani, Inna," in ji yarinyar. "Ƙwayar idonsa ta tsuke, ƙirjinsa ya cika da majina. Maganin feshi ne."

"To faɗa masa mana!"

"Jiya na yi magana, ya ce in na ƙara sai na maimaita shekara."

"Shekara! Ai ke kin samu abin maimaitawa. Nawa mijin ko kwana ɗaya ba a ƙara masa ba."

Kafin azahar kumfa ta fara fita daga bakin Maikuɗi, naman fuskarsa yana rawa. Uwaliya ta ɗauki rigar, ta shiga ofis ba sallama, ta shimfiɗa ta a kan takardun Dakta.

"Wace irin ƙazanta ce wannan?" Ya ja takunkuminsa ƙasa don ya ji daɗin faɗa, sai warin ya buge shi. Ya shinshina. Ya dubi Khairiyya da ke raɓe a ƙofa.

"Kin lura da wannan?"

"Tun hantsi, Yallaɓai."

"Kika yi shiru?"

"Ba ka tambaye ni ba."

Ya fita a guje yana kiran a kawo allura, aka ja labule aka zagaye gadon. Wata nas ta leƙo ta ce wa Uwaliya ta kawo farin zani. Ta ɗauko, ta tsaya a bayan labulen tana rungume da shi, ba ta san ko shimfiɗawa za a yi ko lulluɓewa ba.